Amsa kan bam ɗin Hiroshima da Nagasaki

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko Amurka ta yi daidai da ta jefa wa Japan bam ɗin nukiliya a 1945, tunda ana cewa shi ne ya gajarta yaƙin, ya kuma ceci rayuka. Na daɗe ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma duk shekarar da muka iso wannan darasi sai aji ya rabu gida biyu, saboda haka na saurari hujjojin kowane ɓangare sosai.

Masu kare Shugaban Amurka na lokacin, Truman, suna da abin faɗa. Gumurzun da aka yi a tsibirin Okinawa na Japan daga Afrilu zuwa Yunin 1945 ya nuna cewa sojojin Japan ba sa miƙa wuya da sauƙi, kuma ana ganin da an shiga ainihin ƙasar da sojojin ƙasa, da asarar ta ninka haka. Ta'asar da sojojin Japan suka yi a birnin Nanjing na ƙasar Sin a 1937 ita ma ba abin mantawa ba ce.

Duk da haka ban gamsu ba, kuma dalilina shi ne rayukan da aka ce an ceta ƙiyasi ne na masu tsara yaƙi, waɗanda aka kashe kuwa an ga gawarwakinsu. Bam ɗin da aka jefa a Hiroshima ranar 6 ga Agusta ya halaka kimanin mutum 140,000 kafin ƙarshen shekarar, galibinsu fararen hula. A cikinsu akwai dubban 'yan makaranta da aka fito da su da safe suna aikin rushe gidaje domin hana gobara yaɗuwa, kuma idan na kawo wannan a aji, ɗalibaina kan lura cewa sa'anninsu ne. Babu wani cikin yaran nan da ya je Nanjing. Mu da muka taso muna jin wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunarsa, cewa kada a kashe mace ko yaro ko tsoho, kada ma a sare itace mai 'ya'ya, yana yi mana wuya mu yarda cewa laifin sarakuna ya halatta jinin talakawansu.

Tambayar da ta fi muhimmanci a wurina ita ce ko an gwada wata hanyar. A watan Yuni wasu daga cikin masanan da suka yi aikin bam ɗin sun ba da shawarar a nuna ƙarfinsa a wurin da babu mutane, ba a karɓa ba. Sanarwar Potsdam ta 26 ga Yuli, wadda Amurka da ƙawayenta suka fitar suna neman Japan ta miƙa wuya, ba ta ce komai ba game da makomar Sarkin Japan Hirohito, alhali wannan ne babban abin da ke damun shugabannin Japan, kuma daga baya an bar shi a kan gadonsa. Batun Nagasaki ya fi wuyar karewa, domin kwana uku kacal aka bari tsakani, kuma a wannan rana ta 9 ga Agusta sojojin Tarayyar Soviet sun riga sun kutsa Manchuria, yankin ƙasar Sin da Japan ke riƙe da shi, majalisar yaƙin Japan kuma tana zaman tattauna saranda lokacin da labari ya iso mata.

Ina ba ka shawara ka haɗa da Tokyo a cikin nazarinka. A daren 9 zuwa 10 ga Maris na 1945, jiragen Amurka sun ƙona birnin da bama-baman gobara, aka kashe kusan mutum 100,000. A ganina tun a lokacin aka yanke hukuncin cewa ƙona gari da mutanensa hanyar yaƙi ce, shi ya sa da Agusta ta zo masu mulki ba su ga sabon abin da zai sa su dakata ba.