Ɗan yayata, sanyin ɗaka ne zai ba ka wahala, kuma eh, akwai sauro

Saƙonka ya iso ni. Ka ce ka sami gurbin karatu a Ingila, za ka sauka a watan Satumba, kana tambaya wace irin rigar sanyi za ka saya, sannan ka ƙara da cewa, "Kawu, da gaske ne babu sauro a can?" Kai ne na huɗu da ya yi mini wannan tambayar a bana, kuma dukkanku riga kuke tambaya. Ba wanda ya taɓa tambayata yadda ake dumama ɗaki. Maganar riga ba zan ɓata baki a kanta ba, duk wadda ka gani mai kauri ka saya.

Sanyin waje kana shigarsa na minti ashirin ka fito. Na cikin ɗaki da shi za ka kwana, da shi za ka tashi, a cikinsa za ka yi karatu, tun daga ƙarshen Oktoba har Maris. A Disamba rana kan faɗi a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma. Shekarata ta farko na kama wani ɗaki don na ga yana da arha, ban san abin da ake dubawa ba, mai gidan kuwa ya gane baƙo ne ya yi shiru da bakinsa. Tukunyar dumama ruwan gidan, wadda suke kira boila, ta mutu a tsakiyar Disamba. Kwana tara ina kiransa yana cewa gobe. Na kwana da riga uku da safa biyu, ina ganin tururin numfashina a kan gado. Har yau idan na tuna mutumin nan sai raina ya ɓaci, shekara goma sha biyu ke nan.

To kai kada ka sa hannu a takardar haya sai ka ga abu biyu. Na ɗaya takardar binciken gas: doka ta wajabta wa mai gidan haya ya sa ƙwararren da ke da rajistar Gas Safe ya duba kayan gas ɗin gidan kowace shekara, ya kuma ba ɗan haya kwafin takardar. Na biyu takardar da ke nuna yadda gidan ke riƙe zafi, mai maki daga A zuwa G. A Ingila ba a yarda a ba da hayar gidan da ya gaza E ba, sai wanda aka keɓe da dalili. Idan mai gida ya fara kame-kame a kan waɗannan, ɗauki jakarka.

Da ka shiga, kada ka jira sanyi ya kankama kafin ka gwada. Tun a Satumba kunna boilar, ka bi ƙarafan dumama ɗakin da ke jikin bango ɗaya bayan ɗaya da hannu. Kamar lagireton mota suke, ruwan zafi ne ke zagayawa a cikinsu. Wanda ka ji ƙasansa da zafi samansa da sanyi, iska ce ta maƙale. Kashe komai, bari ya huce, sa ɗan makullinsa a kusurwar sama ka murɗa kaɗan, tsumma a hannunka. Za ka ji iska tana fita, da ruwa ya fara ɗigowa ka rufe. Daga nan duba agogon da ke gaban boila, allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 in yana sanye. Wanda kuma samansa ke zafi ƙasansa sanyi, datti ne ya taru ciki, wannan aikin mai gida ne. Ni da ban san ko sunan makullin nan ba, yau maƙwabta Turawa ke ƙwanƙwasa mini ƙofa in zo in duba musu.

Yanzu ka natsu, ga abin da ya sa na zauna rubuta maka wannan doguwar amsa. Gidajen nan a toshe suke kamar kwalba, gilashin taga ninki biyu, ƙofa da roba a gefenta. Duk abin da ka ƙona a ciki, hayaƙinsa yana nan tare da kai. Kada ka kuskura ka hura gawayi a ɗaki, kada ka kunna murhun gas ka bar shi don ya dumama maka wuri. Akwai iskar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu da ɗoriya. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sai ka fita waje ka ji sauƙi, ka dawo abin ya dawo. Mutum kan ɗauka mura ce, ya kwanta, shi ke nan. Tun Oktoban 2022 dole mai gidan haya a Ingila ya sa ƙararrawar gano ta a ɗakin da boila take. Danna maɓallinta ka ji ta yi ƙara. Ka kuma lura da harshen wutar gas: shuɗi ya kamata ya zama, in ya koma rawaya yana lilo, kashe ka buɗe taga ka kira a duba.

Za ka so ka yi tsimin kuɗi ka ƙi kunna zafi, duk ɗalibi haka yake. Hukumomin lafiya sun ce kada ɗaki ya gaza digiri 18. Ƙasa da haka danshi ke taruwa, gilashi ya yi ta gumi, baƙar fumfuna ta fito a kusurwar bango da bayan kabad, ta bar ka da tari. Buɗe taga minti goma kowace safiya ko da sanyi na yanka, kuma kada ka shanya wanki a rufaffen ɗaki. Ƙaramar hitar lantarki kuwa, mai watt 2,000 tana cin yunit biyu a awa guda, ka lissafa da kanka. In ka saya, sa ta kai tsaye a soket ɗin bango, nesa da labule da bargo.

Sai sauronka. Akwai shi, iri sama da talatin a Birtaniya. Daren da na fara jin kukansa a kunnena a watan Oktoba na ɗauka mafarki nake. Ashe da sanyi ya ƙarato, matan sauron kan nemi wurin fakewa su yi hunturu, ɗakin ƙarƙashin ƙasa, gareji, bayan tarkace. Har akwai wani iri da ya shahara a ramukan jirgin ƙasa na Landan, wanda ya addabi mutanen da suka fake a can lokacin ruwan bama-baman 1940 a Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ba ya barcin hunturu in ya sami ɗumi da ruwa.

Maganinsa ka nemi ruwan da ya kwanta: farantin ƙarƙashin tukunyar fure, bokitin da aka manta a baranda, indararon da ganye ya toshe. Daga ƙwai zuwa mai cizo kwana bakwai zuwa goma ne in akwai ɗumi, saboda haka zubar da ruwan kowane mako ya isa. Maganin sauro mai hayaƙi kada ka kunna shi a rufaffen ɗaki, dalilin na faɗa maka a sama. Ƙananan baƙaƙen ƙwarin da ke tashi daga ƙasar tukunyar fure kuwa ba sauro ba ne, ba sa cizo, ruwa ne ya yi wa shukar yawa.

Sauron nan ba ya ba da zazzaɓin maleriya a yanzu. Wanda ya kwantar da ni na gida ne, da na je hutu bayan shekara uku ina taƙamar ai jikina ya saba, na ƙi shan maganin rigakafi. Sabon da jiki ya yi gushewa yake in ka daɗe ba ka gida. Na dawo da kwana goma zazzaɓi ya kayar da ni, na yi kwana huɗu a gadon asibiti. In za ka koma hutu ka je a rubuta maka magani tun kafin tafiya.

Idan ka sami ɗaki, turo mini hoton takardun nan biyu kafin ka biya ko sisi. Ka gaida mini Yaya, ka ce mata ta daina kuka, zan tarye ka a filin jirgi.