Amsa ga mai tambaya kan rizabuwar da saiwar darbejiya ta fasa

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka: rizabuwar gidanka, wato tankin ajiye ruwa da aka gina a cikin ƙasa, tana shanye ruwa, an sauka an tarar da saiwar darbejiya ta ratso bango, birkila kuma ya ce a sake filasta kawai. Na daɗe ina aikin gini, kuma gaskiya filastar nan ita kaɗai asarar siminti ce. Damina ɗaya ko biyu saiwar za ta dawo ta inda ta saba.

Saiwa ba kasafai take fasa lafiyayyen kankare ba. Danshi take bi. Tun farko akwai 'yar tsaga da ke tsiyaya, galibi a mahaɗar bango da daɓe ko inda bututu ya shiga, sai saiwar ta kutsa tana siririya kamar gashi, ta yi ta kauri a ciki har ta buɗe wurin. Idan ka zaro ta za ka ga ta yi cunkus a cikin ruwan, fara sol, alhali bakin da ta shigo bai kai kaurin yatsa ba. Darbejiya, ceɗiya, durumi da turare su ne ƙwararru a wannan ɓarna.

Saboda haka daga waje ake fara aikin. A haƙa rami a gefen da itacen yake har a kai gindin bangon, a datse saiwoyin da zarto, a share bango a ga iya tsawon tsagar. Sau da yawa abin da ake gani a ciki kaɗan ne daga abin da ke waje. Idan bulon inci tara aka yi ginin da shi ba a cika ramukansa da kankare ba, saiwar ma tana tafiya a cikin ramukan. A nan sai an fasa wurin, a cire ta tas, a zuba kankare. Guntun da aka bari zai ruɓe ya bar rami. Bayan an yi filastar waje, a bar ɗan tazara a zuba siririyar katangar kankare tsakanin tanki da itace, zurfin kamar mita 1, ta tare sabon toho.

A ciki kuwa, a sassaƙe tsagar da cizil ta buɗe, a wanke ƙura, a jiƙa, a cike. Filasta awo 1 na siminti, 3 na yashi mai tsabta marar laka, da sinadarin hana yoyo irin na Sika, wanda aka rubuta ya dace da ruwan sha. A shimfiɗa ragar waya a kan tsagar kafin filasta, kusurwoyi kuma a cike su su zama masu lanƙwasa. Sannan ban ruwa na kwana 7 aƙalla. A nan masu gida suke gajen haƙuri, su kira tankar ruwa washegari, ko su bar filastar ta bushe da zafin bazara ta tsattsage.

Batun sare itacen, ya danganta da nisa. Idan gindinsa bai wuce mita 2 ko 3 daga bango ba, ni dai shawarata a cire shi har kututture, domin darbejiya tana sake tsirowa daga kututture da saiwa. Datse manyan saiwoyi ta gefe guda dab da gindi kuma haɗari ne, guguwar farkon damina tana iya kayar da shi kan katanga. Idan yana da nisa, bar inuwarka. Amma don Allah kada a zuba baƙin mai ko maganin kashe ciyawa wai don a kashe saiwa. Ruwan da iyali za su sha ne a bayan bangon.

Ka yi aikin da rani. Tanki fanko a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga rami a gefensa, bango na iya turowa. Wanda zai shiga ciki a buɗe murfi iska ta shiga tukuna, a sa mutum a sama yana kallonsa, kuma kada a kuskura a sauke injin jan ruwa mai fetur ko janareta a ciki. Hayaƙinsa na kisa ba a sani ba. Ka kuma duba inda sokawe, wato ramin ruwan bayan gida, yake, domin tsagar da ruwa ke fita ta nan ƙazanta ke shiga idan ruwan tanki ya yi ƙasa.

Idan an gama a wanke da kulorin, a zubar, a cika, a rufe duk famfo, a yi alama a bango. Sabuwar filasta takan sha kaɗan da farko, don haka a ƙara ruwa bayan kwana 2 a sake alamar, a duba bayan awa 24. Kada a mayar da ƙasar ramin waje sai an yi wannan gwajin, ta nan za ka ga danshi idan da saura. Idan kuwa ka tarar bangon ya yi ciki ko daɓen ya dare biyu, ya wuce faci, ka nemo injiniya ya gani kafin ka sayi ko buhu ɗaya.