Amsa kan hedifon mara waya mai kashe ƙara

Assalamu alaikum jama'ar gida, ina yininmu. Ƙanena, kai da ka yi tambaya jiya kan hedifon mara waya mai kashe ƙara, irin wanda ke zama bisa kunne ba mai ruhe kunnen duka ba, ka ce don karatu kaka so saboda janareton maƙwabta da kuma tahiya in za ka koma makaranta, to saurara.

Da hwarko ka san yadda abin ke aiki. Wanga ANC da aka rubutawa jikin kwali, wato tsarin kashe ƙarar, ƙananan makirfo ne cikin hedifon, suna jin ƙarar waje sai na'urar ta hitar da wani sauti kishiyar wancan, su haɗu su kashe juna kahin su kai kunnenka. Amma hwa ba kowace ƙara ba. Gurnani mai zurhi wanda ba ya canzawa, irin na janareto, injin mota bisa hanyar Gusau, fanka, esi, wannan yana rage shi sosai wallahi har ka yi mamaki. Amma hon ɗin kabu-kabu, kukan yaro, hirar abokan ɗaki, duk za ka ji su, sai dai su ɗan yi nisa. Duk mai shagon da ya ce maka ba za ka ji komai ba, so yake kawai ka hiddo kuɗi.

To ga inda matsalar mai zama bisa kunne take. Shi ba ya zagaye kunne, dannawa yake yi, kuma kunne ba shimfiɗaɗɗe ba ne, dole a samu 'yar kafa ta gehe, ƙara ta nan take shiga. Don su toshe wagga kafa sai kamfanoni su matse ƙarhen kan, shi ya sa bayan awa ɗaya ko biyu kunne ke yin zogi, in kana sa tabarau abin ya hi muni don yana danne kunnen bisa sandar gilashin. Abin da zan yaba mai shi ne ba shi da nauyi, ya hi shiga jaka, kuma zahinmu na Sakkwato, watan Afrilu da Mayu da muka wuce digiri 40, mai ruhe kunne gumi zai tara maka kamar ka kihe kwano. Duk da haka soson nan mai fatar roba gumi da zahi suna ɓare shi, kada ka bar shi cikin mota da rana, kuma ka tambaya ko ana samun soson canji.

Sannan a kula da kwali don Allah, nan anka hi cutar mutane. Wani ENC anka rubuta ba ANC ba, shi ENC makirfon kira ne yake tacewa don wanda kuke waya da shi ya ji ka da kyau, kai kunnenka bai ƙaru da komai ba. Kuma suna babba ba shi ne ba. Beats Solo 4 da ya hito 2024 ba shi da ANC ko kaɗan, Solo Pro na 2019 ne ke da shi, shi ma sun daina yin shi 2021. Sony WH-CH520 batirinsa har awa 50 amma babu ANC, babu ma ramin waya. JBL Tune 670NC shi kam yana da shi, sun ce awa 70 in ka kashe ANC, in ka kunna ya dawo 44, wanga lissahi na biyu shi za ka duba tunda wutarmu ka san yadda take.

Ni dai ra'ayina, in shiru kaka nema don karatu mai tsawo, ƙara kuɗi ka ɗauki mai ruhe kunne irin Sony WH-CH720N, ya hi tsare ƙara kuma ba ya matse kunne. In kuwa ka nace sai ƙaramin, kada ka biya sai ka gwada. Sa shi a kai, kada ka kunna komai, tsaya kusa da janareton shagon, danna madannin ANC ka kashe ka sake kunnawa. In gurnanin bai faɗi ƙasa a take ba, jabu ne ko mara ƙarhi, aje musu kayansu. Ka juya kai hagu da dama, ka buɗe baki ka ruhe, ka ji ko ƙara na kutsowa, ka bar shi a kai ko minti goma ne.

Abu guda da nike roƙonka, kada ka sa shi kana bisa mashin ko kana tsallaka titi, kuma kada ka ƙure murya. Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarhin sauti ne) na awa 40 a sati, amfanin ANC ɗin ma ke nan, ka ji karatunka da murya ƙasa-ƙasa. Ka turo min hoton kwalin gaba da baya kahin ka biya in duba maka.