Shinkafa da waken Jamaika: amsoshin wasiƙunku na wannan mako

Anti, maigidana ya yi karatu a Landan, kullum zancensa shinkafa da waken 'yan Jamaika. Na je babban kanti na sayo gwangwanin jan wake huɗu da na madarar kwakwa uku, kuɗin cefanen mako guda ya tafi. Me ya rage in saya? Daga wata amarya a Kaduna.

Ƙanwata, abin da ya rage shi ne ki rufe jakarki. Wannan girki a can Jamaika abincin gida ne na ranar Lahadi, talaka da mai kuɗi duk suna dafa shi. Kayansa kaɗan ne: shinkafa, jan wake, madarar kwakwa, lawashin albasa, tafarnuwa, tayim, attarugu, sai wani ƙwayar kayan ƙamshi da suke kira fimento. Wanne ne a ciki babu a kasuwar unguwarku, in ban da na ƙarshen? Shi ma kanumfari biyu da ɗan kirfa da gyaɗar ƙamshi za su kusa kai ki wurin.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Da zarar an ce girki na ƙasar waje ne, sai mu ɗauka dole komai nasa ya fito daga gwangwani mai rubutun Turanci. Kwakwa ɗaya ta mai baro, ki ɓare bayanta, ki goga ko ki markaɗa da ruwan ɗumi, ki tace da abin tatar koko, ga madara nan wadda ta fi ta gwangwani ƙamshi. Ita ta gwangwanin, kin ma karanta abin da ke jikinta? Akwai wadda aka zuba wa sukari don haɗa lemo, ki sa ta a shinkafa ki ga abin takaici. Akwai wadda ta shekara a kanti har ranar lalacewarta ta wuce. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotse a bakin murfi, ko kika ga kamar an kankare kwanan wata an sake bugawa, ko babu lambar NAFDAC, ki ajiye wa mai shi kayansa ko da rabin kuɗi ya ce ki bayar. Na taɓa buɗe wata a gaban baƙi, warin da ya tashi sai da muka buɗe tagogi. Tun daga ranar ni da mai baro ne.

Tunda kin riga kin saya, ki yi amfani da su. Amma na gaba, a'a.

Anti, na ji an ce jan wake yana da guba. Gaskiya ne? Ina da ƙananan yara, hankalina ya tashi. Daga Maman biyu, Maraɗi.

Kwantar da hankalinki, 'yar uwa, kin yi daidai da kika tambaya. Ɗanyen jan wake, irin mai kama da ƙoda, yana da wani sinadari da ke sa amai da gudawa in bai dahu ba, amma tafasa tana kashe shi. Ki jiƙa shi ya kwana, ki zubar da ruwan, ki zuba sabo, ki bar shi ya yi tafasa mai ƙarfi aƙalla minti 10 kafin ki rage wuta. Inda ake samun matsala shi ne a bar shi a kan wuta mai sanyi yana ɗumama bai taɓa tafasa ba. In ya yi laushin da za ki murje shi da yatsa, sai ki zuba madarar kwakwa da kayan ƙamshi a cikin wannan jan ruwan, kada ki zubar, shi ke ba shinkafar launinta. Wake gwangwani ɗaya, shinkafa biyu. Attarugun a ɗora shi sukutum a sama, a cire kafin ya fashe, ƙamshinsa ake so, yaranki ma za su ci. Kanwa kuma ki bar ta a wannan karon. Sai dai abincin kwakwa ba ya jure zafinmu, in babu firji kada ya kwana.

Hajiya, wai ba garau-garau ba ce kawai aka canza mata suna? In zuba mai da yaji? Daga wani saurayi a Kano.

Malam, in garau-garau kake so, ka sani inda ake sayar da ita. Dangi ne dai, kamar yadda waakye ta Gana ta samo sunanta daga waken Hausa. Amma wadda aka dafa da kwakwa ba ta neman mai, kaza ko kifi take so a gefe.

Zan je Amurka, zan iya ci a gidan abincin 'yan Karebiyan? Daga wani ɗan kasuwa.

Ka tambaya kafin ka ci. 'Yan Kuba kan sa naman alade ko kitsensa a tasu ta baƙin wake, wasu 'yan Jamaika ma kan jefa wutsiyar alade mai gishiri a tukunya, kuma ba lallai ka gan ta a faranti ba.