Amsa ga ɗan'uwan da naman jikinsa ke rawa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce fatar idonka da sharaɓarka suna ta motsi da kansu, har kana tsoron ko shanyewar jiki ce ke tafe. Kwantar da hankalinka tukuna.

Ni tela ne a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma ɗinkin sallah ba ya wucewa sai abin nan ya taɓa ni, balle shekarun da azumi ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, rana na haura digiri 40. A kwana kan keke, shayi mai kauri kofi bayan kofi, goro a baki, gumi na zuba ba a mayar da ruwa. Sai ka ga naman ƙafa yana zillo ƙarƙashin fata. Likitan da na gani ya sa na taka da dunduniya, na taka da kan yatsu, na matse hannunsa, ya ƙwanƙwasa gwiwata da 'yar gudumarsa. Ya ce ƙarfi yake dubawa, muddin yana nan, yawanci rashin barci ne da gajiya da shayi. Na rage shayin, na samu barci, abin ya lafa.

To kai ma duba ƙarfinka. In kofi ya fara suɓuce maka, ko silifa na fita daga ƙafa ba ka sani ba, ko hannu ɗaya na ramewa, ko harshe ya yi nauyi, haɗiya na wuya, ka tafi asibiti, kada ka tsaya wurin mai magani a tebur. Haka in ya haura mako 2 bai daina ba, ko rawar idon ta sauko rabin fuska. Akan auna jini a ga ko sinadarin kalsiyam ko magniziyam ko fotasiyam ya yi ƙasa. Ka tafi da duk maganin da kake sha, don na asma da wasu na hawan jini suna jawo shi, amma kada ka daina da kanka.

Abin da ya fi damuna 'yan'uwanmu masu feshin auduga. Wanda ya dawo daga feshi nama na rawa, yawu na dalala, ga gumi da amai, guba ce. A cire masa kayan, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare ne. Haka za a garzaya da wanda ƙusa ta soka daga baya muƙamuƙinsa ya riƙe, da mai shan tiramol da ya fara fizga, da mai juna biyu da ke ciwon kai tana ganin dishi-dishi.

Kai dai yau da dare ka ajiye shayin, ka sha ruwa sosai, ka kwanta da wuri, mu ji yadda ka kwana.