Amsa: Gajiyar da ta ƙi tafiya bayan zazzaɓi

Malama Hadiza, sannu da jinya. Kin ce ƙanenki ya warke daga zazzaɓi wata bakwai ke nan, amma ko Kasuwar Dole ya leƙa sai ya kwana biyu a kwance. Kika tambaya ko lalaci ne.

Ni dai ban ga lalaci a nan ba. Akwai ciwon da likitoci ke kira ME/CFS, wato ciwon matsananciyar gajiya mai daɗewa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan jijiyoyi tun 1969. Sau da yawa yana biyo bayan ƙwayar bairos, kamar Epstein-Barr ko korona. Abin da masu bincike ke zato shi ne garkuwar jiki ba ta sauke makamai bayan yaƙin, sai ta yi ta sakin sinadaran da ke jawo kumburi. Babbar alamarsa ita ce wadda kika faɗa: ƙaramin aiki yau, gobe ko jibi jiki ya zube.

Amma fa nan Damagaram a fara auna zazzaɓin cizon sauro, taifot, ƙarancin jini da ciwon hanta a babban asibiti, don babu gwajin jinin da ke nuna wannan ciwon kai tsaye.

Don Allah kar a matsa masa da motsa jiki. Ya riƙa tsayawa tun bai gaji ba. Allah ya ba shi lafiya.