Jirgin ƙasa a tsakar ɗaki: amsoshin wannan mako

Tambaya: Tun da yarona ɗan shekara 11 ya ga aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya biyo ta Daura, ya hana ni sakat sai na saya masa ƙaramin jirgi mai tafiya a kan dogo. Ina tsoron kada kuɗina su tafi a banza. Wata uwa, Daura.

Hajiya, kwantar da hankalinki, sha'awa ce mai kyau. Ki fara da saiti ɗaya kawai: kan jirgi, tarago biyu ko uku, dogo mai zagaye, da akwatin wuta, wato na'urar da ke ba dogon wuta. Ki nemi girman da ake kira HO, wato jirgin gaske da aka rage sau 87, faɗin dogonsa milimita 16.5. Akwai N, wanda aka rage sau 160, ya fi cin ƙaramin wuri, amma ya yi ƙanƙanta ga hannun yaro. Kafinta ya yanka miki katako mai faɗi, ƙafa 4 da ƙafa 8, a ɗora a kan tebur.

Yanzu ga inda nake son a saurare ni. Yawancin abin da ake ratayewa a shagunan kayan wasa ana cewa "ɗan waje ne" robar banza ce mai batir. Kwali ya sha hoto, dogon roba ne, kwana uku haƙoran cikin injin sun cinye, kuma babu mai gyara. Na gaske dogonsa na ƙarfe ne, domin ta cikinsa wutar ke bi ta kai ga injin, kuma girmansa a rubuce yake a jikin kwali tare da sunan kamfani, irin su Hornby, Bachmann, Piko ko Kato. In babu waɗannan, ki mayar da kuɗinki cikin jaka. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya tsaya ya yi ciniki rabin awa a kan mudun shinkafa, amma ya aika kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba saboda hoto ɗaya a Facebook. Ki ce mai sayarwa ya turo bidiyon jirgin yana tafiya. Sannan a duba bayan akwatin wutar. Kayan Amurka wutar volt 120 suke sha, tamu 230 ce. A soka shi kai tsaye, sai hayaƙi. Kada kuma a haɗa jirgin kamfanin Märklin na HO da dogon sauran kamfanoni, tsarin wutarsu daban.

Tambaya: Zan iya shimfiɗa shi a ƙasa kan kafet? Wani matashi, Ƙofar Ƙaura.

A'a. Zaren kafet zai naɗe ƙafafun, ga ƙurar hunturu. A tebur, a rufe da zani in an gama, a riƙa goge dogon da ƙyalle.

Tambaya: Wane launi ne ya fi gudu?

Malam, launi ba ya gudu.

Tambaya: Gidaje da itatuwan da ake jerawa a gefen dogon fa, a ina ake samu? Wani malamin makaranta, Katsina.

Malam, kada ka sayi ko ɗaya. Kwali, kara, yashi da gam sun isa. Ɗaliban naka su gina Hasumiyar Gobarau da ganuwa da kwali, su shafa jar ƙasa. Ka tuna dai a girman HO mutum bai wuce santimita 2 ba, kada ƙofar gida ta fi taragon tsayi.